Shekarar da Na Daina Durƙusa wa Baba

A tsaye nake rubuta wannan babin, kamar yadda na rubuta na baya. Takarda a kan dakalin taga, in yi layi biyu in zaga tsakar gida in dawo. Kun tashi kun gan ni haka, har ƙaramarku ta taɓa tambayar mahaifiyarku ko wani ne ya hana ni zama. Ba wanda ya hana ni, zaman ne ba ya ƙaunata. To amma ba wannan ne ya tayar da ni yau ba. Magana ce na ji ta fito daga bakin ɗayanku ranar sunan da aka yi a Dugabau, ba zan faɗi ko wane ne ba, ya san kansa. Wai ya ji a dangi cewa ni, ubanku, na taɓa ƙin durƙusa wa mahaifina saboda aƙida. Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa ta fi ƙona mini rai. Na daina durƙusa wa Baba, haka ne. Dalilin ne ba a gaya muku ba, kuma ba zan shiga kabari in bar ku da na bakin dangi ba.

Sai kun fara sanin cewa ni ɗan fari ne, kuma ɗan fari na wancan zamanin ba irin naku ba ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce, “Ina yaron nan?” ko da na fara furfura. Bai taɓa taka ƙafarsa sashena ba, bai taɓa dafa ni ba tun ina iya tunawa, kuma in muna magana shi yana kallon gabas ne ni ina kallon ƙasa. Inna ma haka, sai dai ita tana satar kallona in ta ɗauka ban gani ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma mu a wurinmu ita ce soyayyar. Abin da ke tsakanina da Baba guda ɗaya ne tak: kullum safe in zo zaure in cire takalmi, in tsugunna a gefen tabarmarsa, kai a sunkuye, mu gaisa. Gaisuwar tana da tsawo. Kwana, gajiya, iyali, gona, ruwa, dabbobi, sannan ya yi shiru in yi shiru, har sai ya ce, “To, madalla, Allah ya yi albarka.” Sai in tashi. Wannan tsugunon shi ne duk hirarmu, shi ne kuma duk abin da nake da shi na ubana.

Ciwon ya fara mini tun ina koyarwa a firamare a wajen Kara. Baya ne da ƙugu. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, ni ma har da ni, shi ne ciwon a juye yake. Kowane ciwon baya in ka kwanta sai ya lafa. Nawa kwanciyar ce ke tayar da shi. Da asuba jikina ya sandare kamar an zuba mini siminti, sai mahaifiyarku ta sa kafaɗa ta tayar da ni, in kama bango in yi ta kai-komo a ɗaki kafin in iya alwala. Amma da hantsi ya yi, jiki ya ɗau zafi, sai ka gan ni garau a kan keke. Wa zai yarda da irin wannan majinyacin? Aka zo shekarun tsuke bakin aljihu, aka rage ma'aikata, aka haɗa da ni. Asibiti a lokacin ba ka samun komai sai takardar da za ka kai kemis. Na tattara na koma Dugabau, na ɗauki fartanya kusa da Baba. Shekaru na yi ina noma da wannan bayan. An ce sanyin ƙashi ne, an ce iska ce, an ce sammu ne. Wanzamin garinmu ya yi mini ƙaho har bayana ya koma kamar gammo, na sha sassaƙe mai ɗaci iri-iri, na haɗiyi ƙwayoyin kashe zafi har suka fara cin cikina. Kullum jiya i yau, sai ma abin da ya ci gaba, don na lura in na wuni a duƙe a kan kunyar gona, miƙewar sai ta ƙi ƙarasawa.

A bazarar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wani tsohon abokin aikina ya ba ni labarin wani likita a birni, Bahaushe ne, amma a ƙasar Sin ya yi karatu. Ya ce yana haɗa maganin asibiti da wata allura da mutane ke kira allurar 'yan Cana. Na je ne ba don na yarda ba, don dai na rasa inda zan sa kaina. Ya sa aka ɗauki hoton ƙashina, ya ɗaga shi a hasken taga ya daɗe yana kallo. Ya ce in taɓa yatsun ƙafata, ban kai ko gwiwa ba. Ya ce in jingina da bango in sa ƙeyata ta taɓa shi, ta ƙi taɓawa. Sannan ya yi mini wata tambaya.

“Malam, a danginku akwai wanda ya tanƙware tun bai tsufa ba?”

Nan take na ga Baffa Ilu, yayan Baba. Mu yara ba mu san fuskarsa sosai ba, saman hularsa muka sani. A duƙe yake tafiya, a duƙe yake cin tuwo, ta ƙafa yake gane mutane. In ka zo wucewa sai ka ji ya ce, “Kai mai faso, ɗan wane ne?” Ranar da ya rasu sai da aka yi dabara wajen sa shi a makara. Kowa a Dugabau yana cewa noma ne ya lanƙwasa shi, kuma ana yabonsa da hakan.

“Ba noma ba ne,” in ji likitan. “Noma dai ya zaɓa masa yadda zai ƙare. Wani irin amosanin ƙashi ne, yana kumbura gaɓoɓin baya, a hankali ya manne su su zama ƙashi guda. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba ni da maganin da zai raba ka da shi. Allurar nan ma ba ta warkarwa. Za ta rage maka zafi ne da sandarewa, ka samu ka motsa, ka kuma rage ƙwayar da ke cin cikinka, ba ka daina ta ba. Bayanka zai iya kullewa. Abin da ke hannunka shi ne, a miƙe zai kulle ko a duƙe. Yadda ka fi ajiye shi, haka zai zauna.”

Na ce, “Fartanya fa, likita?”

Ya ce, “Kai ma ka san amsar.”

Ranar aka fara yi mini allurar. Na kwanta rub da ciki ina jiran azaba irin ta sakiya, sai na ji kamar cizon sauro. Siririya ce kamar gashin jelar doki, ba rami a cikinta, ba ruwan magani. Ya jera su gefe da gefen ƙashin bayana, wasu a bayan gwiwa, wasu a idon sawu, har da tsakanin babban yatsa da manuni. In ya ɗan murza ɗaya sai wani nauyi ya ratsa wurin, ba zafi ba, ba daɗi ba. Sannan ya kunna wani ganye da aka naɗe kamar taba, yana zagaya shi a saman fata ba tare da ya taɓa ba, ɗumin yana shiga har ƙashi. Ganyen nan ya so ya ja mini abin kunya. Warinsa sak na wiwi, ya kuma kama riga. A motar Gwarzo wani dattijo ya shinshina ni, ya ja jikinsa gefe, ya ce, “A'uzubillahi! Da gemunka, kuma a wannan shekarar?” Na yi ta bayani har Rimin Gado, bai yarda ba. Amma washegari da asuba, a karon farko cikin shekaru, na tashi da kaina ba tare da kafaɗar mahaifiyarku ba. Na zauna a bakin gado na yi kuka, ita ma ta taya ni. Ba kullum hakan ke faruwa ba, kada in yi muku daɗin baki. Wani makon allurar ta yi aiki, wani makon kamar ba a yi ba.

Hankalina bai kwanta ba ko kaɗan. Ga hadari ya fara haɗuwa, ga Baba ya tsufa, ƙanina ɗaya namiji yana Kudu ba ya ko aiko da gaisuwa, taki ya yi tsada, 'yan ƙodago sun fi ƙarfinmu. In na rufe ido sai in ga saman hular Baffa Ilu, in na buɗe sai in ga Baba shi kaɗai a tsakiyar gona. Kwana da kwanaki ina zagaya gida kamar wanda ya ɓatar da wani abu. Ƙarshe dai wata safiya na tsugunna a zaure, bayan an gama gaisuwa ban tashi ba, na gaya masa komai. Ya saurara yana jan carbi.

“Allurar da ba magani a cikinta,” ya ce. “Ita ce ta ce ka ajiye fartanya.”

“Likita ne ya ce, Baba. Ya ce irin ciwon Baffa Ilu ne.”

Da na san abin da sunan nan zai yi, da na haɗiye shi. Carbin ya tsaya. Sai Baba ya ce:

“Yaya Ilu gumi ne ya tanƙwara shi. Da bayan nan nasa ya ciyar da mu muna marayu. Kada ka ƙara ɗauko shi ka yi wa lalacinka mayafi. Jiya na gan ka a kan keke kana gudu kamar ɗan aike. Tashi ka ba ni wuri.”

Bai ce Allah ya yi albarka ba. Na tashi da ƙyar, ina dafa bango, amma yana kallon gabas, bai gani ba. Ku fahimci wannan da kyau. Baba bai taɓa ganina da asuba a ɗakina ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ni da ya sani shi ne na hantsi, mai tafiya garau. Inna ta sani, don mahaifiyarku ta gaya mata, amma uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban miji, sai a ce ba ta da kunya. Ta dai aiko mini da man shanu a ɓoye, wai in shafa.

Na ajiye fartanya. Na kwashe ku muka kama haya a Gwarzo don kusa da motar birni. Na daina matashin kai, na koma kwana a kan tabarma a siminti, ina miƙe-miƙen da likita ya koya mini safe da yamma, maƙwabta suna leƙe ta katanga suna dariya. Sana'a kuwa na nemi wadda ba zama ba duƙawa, na samu koli. Tire a ka, madubi da kwalli da zare da ɗan turare, in bi kasuwar Gwarzo, in bi ta Kabo, in ratsa ƙauyuka a ƙafa. Mai kaya a ka dole ya miƙe wuya, wannan ya yi mini. Tsohon malamin makaranta da tiren koli, ɗalibaina suna ganina suna sauya hanya don kada in ji kunya. A daminar nan Baba shi ya yi noman fari da maimai da hannunsa. In na bi ta hanyar Dugabau ina hango shi daga nesa a duƙe, sai in ji kamar in jefar da tiren in ruga. Ban ruga ba. Ban yi da-na-sani ba har yau, amma kada wanda ya ce muku bai yi mini ciwo ba. Tarin da ya kama shi a ƙarshen daminar nan bai sake shi ba har ya koma ga Allah.

Zuwa kaka ƙuguna ya ƙara ƙagewa. Salla ina yi, ina tsayawa a ƙarshen sahu in bi bango in sauka, in bi shi in tashi. Amma tsuguno a kan dunduniya, kai a ƙasa, na tsawon gaisuwar Baba, wannan ya gagare ni, likita kuma ya ce kada in tilasta. Sai na koma gaishe shi a tsaye, in ɗan rage tsawo, hannu a ƙirji. Ku dubi lokacin da abin ya faɗo. Shekarar ce gari ya cika da wa'azi, ko'ina lasifika, kowa yana murna, ni ma na yi. A ciki kuma akwai samarin da ke cewa durƙusa wa mutum ba ya halatta, ko da uba ne, sai dai a ba shi hannu. Gidaje da yawa sun hargitse a kan wannan. To ga ni, mai gemu, ɗan boko, na bar gidan ubana, ina sujada a masallaci amma a zaure ina tsaye ƙiƙam. Me kuke so mutane su ce? Wata rana a kasuwar Kabo wani saurayi ya riƙe hannuna da hannu biyu a gaban jama'a.

“Malam, Allah ya ƙara maka ƙarfin hali. Labarinka muke ba matasa. Ka zama abin koyi.”

Na ce, “Kai, rufa mini asiri, bayana ne ke ciwo!”

Ya yi murmushi irin na wanda ya gane, ya ce, “Mun sani, Malam, sai da hikima.”

Kafin la'asar maganar ta isa Dugabau. Ranar ƙaramar Salla na shiga zaure cike da mutane, kowa a ƙasa, ni kaɗai a tsaye kamar turken awaki. Na yi gaisuwa. Baba ya juya ga na kusa da shi ya ce, “Allah yana iya sa shi sunkuyawa. Mu ne ba mu isa ba.” Bai amsa mini ba. Tsakanin Sallar nan da babba ban san inda nake ba. Abinci ba ya shiga, idona ɗaya ya yi ja wur kamar garwashi, ina tafe da tire ina magana ni kaɗai. Gona na iya bari, mutunci a kasuwa na iya bari. Amma in Baba ya mutu bai sake sa mini albarka ba fa? Ga tarin nan yana ƙaruwa.

Da babbar Salla na yanke shawara ban gaya wa kowa ba. Na bari sai da masu gaisuwa suka watse wajen yanka, na shiga zaure na same shi shi kaɗai. Na cire takalmi, na cije leɓe, na sauka. Na ji ƙuguna kamar ana tsaga itace, amma na kai ƙasa. Na gaishe shi. Ya bar ni a nan ya daɗe, ina jin yana so ya ga ko da gaske nake. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan tabarma. Can ya amsa, a taƙaice, ya ce, “Tashi ka tafi.”

Na yunƙura, ba abin da ya motsa.

“Na ce ka tashi.”

“Baba, ba zan iya ba.”

Na sake yunƙurawa, sai na kife ta gefe gaba ɗaya, yadda nake a tsugunne haka na faɗi, kamar an ture turmi. Ya kira, ba kowa, duk suna bayan gida wajen rago. Sai na ji tsohon nan ya ja jiki ya zo. Ya zura hannuwansa ta ƙarƙashin hammatata, ya sa gwiwarsa a bayana, ya ɗan jira, sannan ya ɗaga a hankali. Ba wanda ya taɓa ɗaga ni daidai irin haka, ko likita. Hannun ya san aikin. Da ya jingina ni da bango bai sake ni ba. Na ji tafinsa yana bin ƙashin bayana tun daga wuya har ƙugu, yana dannawa, yana neman inda zai lanƙwasa, bai samu ba. Ya sake bi. Sannan ya leƙa fuskata, ya ga jan idon. Rabona da Baba ya kalle ni ido cikin ido, ban san ranar ba.

“Shekara nawa ina ɗaga Yaya Ilu da asuba,” ya ce, ba da ni yake ba. “Haka idonsa yake yi.”

Ya koma ya zauna, ya ɗauki carbi, ya kasa ja. Bai ba ni haƙuri ba, uba ba ya yi, ni ma da ya yi da na nutse don kunya. Abin da ya ce kawai shi ne, “Allurar nan, kana zuwa dai ko?” Na ce ina zuwa. Ya ce, “Kada ka fasa.”

Juma'ar da ta biyo na zo gaishe shi ina fargabar yadda za a yi, don ɗa ba ya tsayawa a kan ubansa yana zaune. Ina yin sallama na ga ya laluba sandarsa ya miƙe. A tsaye ya karɓi gaisuwata, yana kallon gabas kamar kullum. Kwana, gajiya, iyali, kasuwa. Ya yi shiru na yi shiru. Ya ce, “To, madalla, Allah ya yi albarka.” Daga ranar haka muka yi ta yi. Bai yi wa kowa bayani ba, ba halinsa ba ne, shi ya sa dangi suka riƙe rabin farko na labarin suka kawo muku. Wasu ma cewa suka yi na fi ƙarfinsa ne.

Bayana ya kulle daga baya, kamar yadda aka gaya mini, amma a miƙe. Shi ya sa na san fuskokinku, ba ƙafafunku ba. Baba kuwa tarin ya kwantar da shi bayan 'yan shekaru. Ranar da aka aiko mini jiki ya yi tsanani, na tarar an shimfiɗa shi a ƙasa a ɗakin Inna, numfashi sama-sama, mutane zagaye da shi. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman bangon da zan bi in sauka, ko me zai karye ya karye. Ya buɗe ido ya ga ƙafafuna. Inna ta ce masa ya kwanta abinsa. Ya girgiza kai, ya ɗaga wa ƙanina da ya dawo daga Kudu da wani maƙwabci hannu.

“Ku tashe ni,” ya ce. “Yaron nan ya zo.”

Suka riƙe shi ta hammata, ƙafafunsa suna rawa, muka gaisa.